Ƙwallo Ɗaya A Gari Biyu

Cikin dukan wasannin da ake yi a fuskar telebijin ko ta kwamfuta, da wuya a sami wanda ya kai wasan nan da ake kira Pong sauƙin fasali. Baƙin fili ne kawai, an ratsa layi a tsakiya ya raba shi biyu, sai wani ɗan farin ɗigo mai kusurwa huɗu da ke kai da kawowa a matsayin ƙwallo. A kowane gefe kuwa akwai ɗan gajeren farin layi a tsaye, shi ne mabugi, wanda ɗan wasa ke hawa da shi sama ko ya sauko da shi ƙasa don ya tare ƙwallon ya mayar wa abokin karawarsa. Wanda ƙwallo ta wuce shi an ci shi ɗaya, wanda kuma ya riga kaiwa 11 shi ya yi nasara. Iyakar dokokinsa ke nan, ko yaro ma zai haddace su cikin minti guda.

Amma masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Muddin 'yan wasan biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa gaban akwati ɗaya, babu abin gardama, gama idanu huɗu suna kallon ƙwallo ɗaya. Ranar da aka ce ɗaya yana Kano ɗaya yana Legas, kowa da nasa akwatin, waya ce kaɗai ta haɗa su, to ran nan ƙwallo ta zama biyu. Daga nan sai a faɗa cikin tambayar da ta daɗe tana ba manyan injiniyoyi ciwon kai: a daidai wannan lokaci ina ainihin ƙwallon take, kuma in an saɓa maganar wa za a ɗauka?

Asalin Wasan

Tushen wasan yana ƙasar Amurka. A watan Oktoba na 1958 wani masanin kimiyya mai suna William Higinbotham, wanda ya yi aiki cikin waɗanda suka ƙera bam ɗin nukiliya na farko, ya haɗa wani ɗan wasan tanis a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York, don kawai maziyarta su sami abin ɗebe kewa. Mutane suka yi ta layi suna bugawa, amma daga baya aka wargaza na'urar, shi kuma bai nemi ko kwabo a kanta ba.

Wanda ya fara kai irin wannan wasa cikin gidajen mutane shi ne Ralph Baer, injiniyan da aka haifa a Jamus, ya gudo Amurka tare da iyayensa a 1938. Tun 1966 yake nazarin yadda za a yi wasa da akwatin telebijin, har kamfanin Magnavox ya fitar da na'urarsa kasuwa a 1972 da sunan Odyssey, kuma cikin wasanninta akwai ƙwallon tebur. A watan Mayu na wannan shekara wani saurayi mai suna Nolan Bushnell ya halarci wurin da aka nuna na'urar a Kaliforniya, har ya sa hannu a littafin baƙi. Wata guda bayan haka shi da abokinsa Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari.

Injiniyan da suka fara ɗauka aiki shi ne Allan Alcorn. Bushnell ya ce masa wai kamfanin General Electric ne ya ba su kwangilar wasan ƙwallon tebur, alhali kuwa babu wata kwangila, so yake kawai yaron ya goge hannu. Alcorn ya ɗauki abin da gaske. Ya sayi ƙaramin telebijin mai hoto baƙi da fari, ya haɗa shi da ƙananan sassan lantarki sittin da 'yan kai, ba tare da kwamfuta ko rubutaccen umurni ko ɗaya a ciki ba. Ya kuma ƙara wasu dabaru uku waɗanda su suka ba wasan armashi. Na ɗaya, ya kasa mabugin kashi takwas, ta yadda in ƙwallo ta bugi tsakiyarsa sai ta koma kai tsaye, in kuwa ta bugi bakinsa sai ta tashi a karkace. Na biyu, ya sa gudun ƙwallo yana ƙaruwa in an daɗe ana musayar bugu. Na uku kuwa asalinsa aibu ne: mabugin ba ya kaiwa can ƙarshen sama na filin. Alcorn ya bar shi haka da gangan, don kada gwanaye biyu su wuni suna bugu ba wanda ya ci wani.

Aka ɗauki akwatin gwaji aka ajiye a wata mashaya mai suna Andy Capp's a garin Sunnyvale, kowane wasa a jefa kwabon Amurka na senti 25. Ba a daɗe ba mai wurin ya aiko cewa na'ura ta lalace. Da Alcorn ya je ya buɗe, ashe ba lalacewa ta yi ba, ma'ajin kuɗin ne ya cika ya batse har ba wurin da wani kwabo zai shiga. A ƙarshen Nuwamba na 1972 Atari ya ba da sanarwar fitar da Pong kasuwa. Magnavox ya kai ƙara kotu a 1974 kan cewa an kwaikwayi fasaharsa, aka sasanta a 1976, Atari ya biya ya karɓi lasisi. Kafin nan kuma an riga an fitar da Pong Doubles a 1973 da Quadrapong a 1974, waɗanda mutum huɗu ke bugawa, sai dai har ila yau dukansu a gaban akwati ɗaya suke tsayawa.

Abin Da Ke Cikin Cikinsa

Wanda zai gina wannan wasa a yau da kwamfuta yake ginawa, kuma aikin da na'urar ke yi bai wuce zagaye ɗaya da take maimaitawa sau 60 a kowane sakan ba. Ta duba abin da ɗan wasa ya danna, ta motsa mabugi, ta matsar da ƙwallo taki ɗaya, ta duba ko ta taɓa bango ko mabugi, sa'an nan ta zana sabon hoto. Kowane zagaye yana cin kamar milisakan 17, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Saurin sauyawar hotunan ne ke sa ido ya ga kamar ƙwallon tana tafiya sumul, alhali tsalle-tsalle take yi.

Ko a nan ma akwai tarkon da ke kama sabon shiga. In gudun ƙwallo ya yi yawa, takinta ɗaya zai iya fin kaurin mabugin, sai a wannan hoto tana gabansa, a na gaba tana bayansa, na'urar ba ta taɓa ganin sun haɗu ba. Ɗan wasa ya tare daidai, amma a ce an ci shi. Maganin abin shi ne a riƙa duba dukan hanyar da ƙwallon ta bi tsakanin hoto da hoto, ba wurin da ta sauka kaɗai ba. Wannan ƙaramin aiki ne na yini guda. Babban aikin yana farawa ne sa'ad da aka saka waya a tsakani.

Taɓarya Da Ƙararta

Duk wanda ya taɓa hango mata suna daka daga nesa ya san cewa ido yana ganin taɓarya ta sauka cikin turmi kafin ƙarar ta iso kunne. Abin da kunne ke ji labarin abin da ya riga ya wuce ne. Haka saƙo yake a waya. Cikin zaren gilashin da ke ɗauke da intanet, haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan, watau kilomita 200 a kowane milisakan. Gudu ne mai ban tsoro, amma yana da iyaka.

Bari a yi lissafi. In waya ta yi tsawon kilomita 1,000, kwatankwacin hanyar Kano zuwa Legas, saƙo zai je ya dawo cikin milisakan 10 a mafi ƙaranci. Wayar Glo-1 da ke kwance a ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Ingila tsawonta kimanin kilomita 9,800 ne, saboda haka zuwa da dawowa zai ci kusan milisakan 100, kafin ma a ƙara tsaikon da ake samu a kowace tasha da saƙon zai ratsa. In kuwa ta tauraron ɗan'adam irin na da aka bi, wanda ke tsaye a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, to zancen kusan rabin sakan ake yi.

Ga mai aika wasiƙa ko mai wasan dara wannan jinkiri ba kome ba ne. Dara ana iya yin ta ko da ɗan aike ne ke kai da kawowa a kan jaki, tun da kowa jiran bugun ɗan'uwansa yake. Pong ba ya jira. Milisakan 100 daidai yake da hotuna shida, kuma in ƙwallo tana ƙetare fili cikin sakan ɗaya, to ta ci kashi ɗaya cikin goma na filin kafin labari ya iso. Na Legas yana gani da idonsa ya tare ƙwallo. Akwatin abokin karawarsa kuwa, wanda bai sami labarin motsin ƙarshe ba tukuna, ya riga ya nuna ƙwallo ta wuce, har ya rubuta ci. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya gani ya faɗa.

Hanyoyi Uku Na Raba Gardama

Tun 1973 aka fara karo da wannan matsala, sa'ad da wasu ɗalibai a cibiyar Ames ta hukumar NASA suka haɗa kwamfuta biyu da waya suka yi wasan da aka sani da Maze War. Daga lokacin zuwa yau, dabarun da aka fito da su sun taru a hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce jiran juna. Kowace na'ura ta aika wa 'yar'uwarta abin da ɗan wasanta ya danna, kuma babu wadda za ta matsa gaba taki ɗaya sai ta ji daga kowa. Haka wasan Doom na 1993 ya yi, mutum huɗu suna iya karawa. Kyawunta shi ne ba a taɓa saɓawa, gama kowa lissafi ɗaya yake yi da bayani ɗaya. Aibunta kuwa irin na ayari ne, tafiyar kowa ta koma ta raƙumin da ya fi rauni. In wayar mutum ɗaya ta yi tsaiko, wasan kowa ya daskare, kuma ɗan wasa zai danna ya jira kafin mabuginsa ya motsa.

Hanya ta biyu ita ce naɗa alƙali. A ajiye wata kwamfuta a tsakiya, wadda ake kira uwar garke, ita kaɗai ke riƙe da ƙwallo ta gaskiya. 'Yan wasa su aika mata abin da suka danna, ita kuma ta yi lissafi ta aiko wa kowa inda ƙwallo take, da inda mabugai suke, da yawan ci, lambobin da ba su kai goma ba. Wasan Quake na 1996 ya bi wannan tsari, sai masu amfani da wayar tarho ta gida suka yi ta kukan cewa motsinsu yana nauyi, tun da sai saƙo ya je wurin alƙali ya dawo kafin su ga sun motsa. A watan Disamba na wannan shekara John Carmack ya fitar da gyara mai suna QuakeWorld, inda na'urar ɗan wasa take nuna masa motsinsa nan take bisa hasashe, in hukuncin alƙali ya iso ya saɓa sai ta gyara a hankali. Daga baya kamfanin Valve ya ƙara wata dabara a wasanninsa: alƙalin ya riƙa ajiye tarihin 'yan hotunan baya, in saƙo ya iso a makare sai ya waiwaya ya duba yadda fili yake a lokacin da mutumin ya danna, ya yi hukunci a kan haka.

Hanya ta uku ita ce komawa baya. Babu alƙali, kuma babu jira. Kowace na'ura ta ƙaddara cewa abokin karawa yana ci gaba da abin da yake yi, ta ci gaba da wasa. In saƙonsa ya iso ya nuna ya canza, sai ta koma daidai hoton da aka yi kuskure, ta sake lissafin duk abin da ya biyo baya cikin ƙiftawar ido. Wani Ba'amurke mai suna Tony Cannon shi ya shahara da wannan dabara ta hanyar manhajarsa GGPO, wadda ya fara fitarwa a 2006, ya kuma sake ta kyauta ga kowa a 2019.

Pong yana da wani sauƙi da sauran wasanni ba su da shi. Da zarar ƙwallo ta bar mabugi, hanyarta sananniya ce, kowace na'ura za ta iya lissafa ta ba tare da tambayar kowa ba. Shakka tana zuwa ne a lokaci ɗaya tak, lokacin tarewa. Saboda haka wasu magina sukan ce a bar na'urar mai tarewa ta faɗi ko ya tare ko bai tare ba, tun da ita ta fi kusa da hannunsa. Wasa yakan yi daɗi ƙwarai ta haka, sai dai an mai da mai ƙara alƙalin kansa. Duk wanda ya san kan na'ura zai iya gyara tasa ta riƙa cewa ya tare kullum. Tsakanin abokai biyu wannan ba damuwa ba ce. A gasar da aka sa kuɗi ko kofi kuwa, ƙa'idar da magina suka yarda da ita ita ce kada uwar garke ta gaskata kome daga bakin na'urar ɗan wasa in ban da abin da ya danna, shi ma sai ta auna ta ga ko hannun mutum zai iya yin sa.

Akwai kuma zaɓin yadda za a aika saƙon. Intanet tana da manyan hanyoyi biyu. Ta TCP, wadda aka tsayar da ƙa'idarta a 1981, tana tabbatar da kowane saƙo ya isa kuma a jere, in ɗaya ya ɓace sai na bayansa su tsaya har a sake aiko shi. Ta UDP, ta 1980, jefawa kawai take yi, wanda ya isa ya isa. Masu wasannin sauri sun fi son ta biyu, domin labarin inda mabugi yake rabin sakan da ya wuce ba shi da sauran amfani, gara a bar shi a kama sabo. Sai dai dole a sa wa kowane saƙo lamba, don in tsoho ya iso bayan sabo a gane shi a yar.

Gina Shi Daban, Riƙe Shi Daban

Bayan an gama gini sai ɗawainiyar gudanarwa. Da fari akwai haɗa abokan karawa. In aka riƙa haɗa gwani da ɗan koyo, ɗan koyo zai gudu, gwani kuma ya gaji. Da yawa sukan ari ma'aunin Arpad Elo, wanda hukumar wasan ces ta duniya ta karɓa a 1970, inda makin mutum ke hawa da yawa in ya ka da wanda ya fi shi, ya hau kaɗan in ya ka da na ƙasa da shi.

Sai kuma hukuncin wanda ya ɓace ana tsakiyar wasa. Uwar garke ba ta da ido, ba ta san bambanci tsakanin wanda aka ɗauke wa wuta da wanda ya ga za a cinye shi ya zare waya ba. In an ce duk wanda ya yanke ya faɗi, an zalunci na farko. In an ce a soke wasan, an ba na biyu ƙofar tsira. Yawanci akan tsayar da wasa na 'yan sakanni a jira, in bai dawo ba a ba abokinsa, a kuma riƙa lura da mai yawan ɓacewa a daidai lokacin da ake cin sa.

Mafi girman hukunci kuwa shi ne inda za a zaunar da alƙalin. In uwar garke tana Landan, mutumin Landan yana jin hukunci cikin 'yan milisakan kaɗan, na Legas sai ya jira ɗari ko fiye, tun ba a fara ba an riga an ba ɗaya rata. Abin da ya fi wannan ban takaici shi ne 'yan Nijeriya biyu, ɗaya a Kaduna ɗaya a Ibadan, su yi wasa amma kowane motsinsu sai ya je Turai ya dawo. Don rage irin wannan zagaye ne aka kafa cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, a Legas a 2006, inda kamfanonin sadarwa na cikin gida ke miƙa wa juna saƙo kai tsaye. Hatsarin dogaro da waje kuwa ya fito fili ranar 14 ga Maris na 2024, sa'ad da wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka yanke a yankin gaɓar Kwaddibuwa, sadarwa ta tabarbare a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. A irin wannan rana, abin da ke zaune a gida shi ya fi samun damar ci gaba da aiki.

Abin Da Ya Sa Ake Koyar Da Shi

Ba mamaki ke nan da makarantun koyon rubuta manhaja suka riƙe wannan tsohon wasa. Makarantar 42, wadda attajirin Faransa Xavier Niel ya kafa a Faris a 2013, ba ta karɓar kuɗin makaranta kuma ba ta da malamai, ta yi shekaru tana sa ɗalibanta su rufe karatunsu na tushe da gina Pong da ake bugawa ta intanet, haɗe da gasa da tsarin haɗa abokan karawa. Makarantar 1337 da aka buɗe a garin Khouribga na Maroko a 2018 tana cikin wannan zuri'a. Hikimar zaɓen a bayyane take: tun da dokokin wasan ba su da yawa, ɗalibi ba shi da inda zai ɓoye, duk kuskuren da ya yi wajen daidaita na'urori biyu zai fito ɓaro-ɓaro a fili.

Darasin kuma bai tsaya a wasa ba. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi daga asusunsa alhali na'urar mai shago ta ce ba su shigo ba, ya ɗanɗani irin wannan matsala: kwamfuta biyu a wuri biyu, saƙo ya makara ko ya ɓace a hanya, kowace tana riƙe da nata labarin. Tambayoyin da mai gina Pong ke amsawa su ne mai gina na'urar banki ke amsawa, watau wa ke da maganar ƙarshe, har yaushe za a jira, kuma yaya za a warware in an riga an yi kuskure. Bambancin kawai shi ne a wasa abin da za a rasa ci ɗaya ne, a banki kuwa guzurin iyali ne. Saurayin da ya iya sa mutumin Sakkwato da na Fatakwal suka buga har 11, aka tashi wanda aka cinye bai ce an cuce shi ba, to ya kama hanyar sana'ar da ƙasar nan ke bukatar masu ita da yawa.